Takobin da Muka Kai Dubai a Takardar Siminti

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar filin jirgi, ni da Baba, ko koko ba mu tsaya sha ba. Masu ta tambayata ina na shige har mako biyu, to ga amsarku: Dubai na kai Baba a duba masa ido. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a can, mijinta kuma injiniya ne a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Su suka yi ɗawainiyar biza da tikiti. Ni dai ɗan rakiya ne, mai riƙe fasfo da ledar magani.

Baba maƙeri ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Ni ne na karya layin na tafi boko na zama malamin makaranta, har yau kuma in na ɗauki masaba sai ya ce in ajiye kada in ji wa kaina ciwo. Ya haura shekara saba'in. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama ma dishi-dishi yake gani da shi.

Kwana uku kafin tafiya muka yi rigimar da ta fi ta neman biza. Baba ya fito da takobin gidanmu naɗe a tsohon zane, wai da shi za mu. Na ce, "Haba Baba! Abin yankan farce ma ƙwacewa suke yi, balle wannan." Takobin nan siriri ne, dogo, faɗinsa bai kai yatsa biyu ba, shi ya sa 'yan unguwa suke kiransa tsinken tsire. Kakan Baba ne ya same shi ladan aiki a hannun wani Balarabe cikin fataken da ke ratso Sahara. Daf da mariƙin akwai ɗan tambari a jikin ƙarfen, kamar kare yana gudu. Baba ya ce ya ji labarin a Dubai babu abin da ba a san asalinsa ba, kuma yana so ya san abin da ya gada tun idonsa na dama bai rufe ba.

Da ya ga na kafe, sai ya yi irin ta maƙera. Ya yanko takardar buhun siminti, ya shimfiɗa a kan ruwan takobin, ya goga gawayi a hankali har tambarin ya fito raɗau, da ɗan kwarmin da ke tsakiyar ƙarfen. Ya auna tsawo da faɗi da zare, ya ƙulla kowane awo. Ni kuma na ɗauki hotuna a waya. Ya ninke takardar da zaren ya sa a aljihun ƙirji. A raina na ce rigimar tsufa ce kawai, Allah Ya yafe mini.

Mun yada zango a Addis Ababa, inda sanyi ya sa Baba ya naɗe kansa da rawani kamar mai ciwon haƙori. A jirgi ya ƙi abincinsu, ya ce shinkafar da aka rufe da takardar azurfa bai yarda da ita ba, ya ci dabinonsa. Tagar da ke kan fiffike ya samu, ya manna ido yana ƙoƙarin ganin ƙusoshin da aka ɗaure fiffiken da su. Ya ce ko wane ne ya yi aikin nan, ba ya gaggawa.

Washegari da hantsi muka sauka a Dubai. Muna fita daga ginin filin jirgi zafi ya mare ni, na ce wayyo. Baba ya yi dariya ya ce ai wannan bai kai bakin wutar maƙera ba. Titunansu layi shida, layi bakwai, kowa a nasa, ba hon, ba ɗan adaidaita mai kutso maka kai ta hagu. Mijin ƙanwata ya nuna mana jirgin ƙasan da suke kira metro yana wucewa a kan gada a sama, ya ce ba direba a ciki. Baba ya tambaya wa ke jansa, aka ce ba kowa. Daga nan bai sake magana ba sai addu'a.

Gidansu hawa na goma sha ɗaya ne, ɗaki biyu da falo, kuɗin hayarsa kuwa da na ji sai da na nemi ruwa. Ƙanwata ta durƙusa ta gaida Baba tana hawaye. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Uwata yake kiranta. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar ma daga gida aka aiko mata. Da magariba ta ɗauko ɗan kaskon turaren wuta da ta gada a wurin Inna, mahaifiyarmu, wadda ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ta sa garwashi, ta zuba kajiji da sandal, ta kifa baƙin murfin nan mai huji-huji da muka taso muna gani. A bakin baranda take ajiye shi, don in hayaƙi ya taɓa ƙararrawar gobarar da ke silin, duk benen sai ya sani. Ƙamshin ya shigo falo, sak ɗakin Inna. Baba ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

Washegari muka je asibiti. Ba zan ja ku da nisa ba, labarin ba mai daɗi ba ne. Likita ta ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye na hagu, na dama kuma ba za a iya dawo da abin da ya tafi ba, sai dai a rage masa gudu da maganin ɗigawa. Ƙanwata ta fita waje don kada ya ji kukanta. Baba kuwa ya ce alhamdu lillahi, ya yi wa likita godiya, muna shiga mota ya dafa aljihun ƙirjinsa ya ce, "To, saura wannan."

Kwana biyu muka yi muna yawo a Deira, tsohuwar unguwar 'yan kasuwa. Mun hau abra, ɗan kwale-kwalen katako da ke tsallaka mutane bakin ruwa a kan dirhami ɗaya. Baba ya ƙanƙame hannuna har muka sauka, sannan ya ce shi dama bai ji tsoro ba. A Murshid Bazaar kuwa sai ka rantse Kantin Kwari kake: kwalaye har sama, ana ɗaure kaya da salatif, wani yana ihu a waya, "Wallahi kwantenar ta tashi, khalas, ka daina kirana!" Hausa ta ko'ina, ta Kano, ta Damagaram, har da ta Kumasi. Shayin karak mai madara da citta shi ma dirhami ɗaya ne, shi kaɗai ne abin da na saya a garin nan ban yi tsaki ba.

Shagunan takubba ba su da wuyar samu. Kowanne ka shiga, "Habibi, tsohon kaya ne, na gaske!" Baba sai ya karɓa, ya kai kusa da kunne, ya ƙyasta ƙarfen da farce, ya mayar. In mun fito ya ce, "Gwangwani ne." Takardar simintin kuwa duk wanda muka nuna wa sai ya dube ta, ya dube mu, ya ce ko muna son agogo. Rana ta biyu na gaji, ƙafata ta kumbura, na ce Baba don Allah a haƙura. Ya mayar da takardarsa aljihu, ya juya mini baya. Abin nan ya fi mini zagi ciwo.

Mijin ƙanwata ne ya fitar da mu. Yana da wani aboki, mutumin Jos, Kirista, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a manyan sitocin Jebel Ali. Shi ya ce akwai wani sito da ake ajiye kayan tarihi kafin a tura su gwanjo a Turai, kuma a ciki akwai wani tsoho Balaraben Sham da ba ya aikin komai sai duba tsofaffin makamai. Ranar Lahadi bayan ya taso daga coci ya zo ya ɗauke mu da motarsa. Da ya ga Baba sai ya cire hula ya rusuna, "Baba, sannu da zuwa, yaya gajiya?" Tun daga nan har Jebel Ali hirar dankalin Jos suke yi. Hanyar doguwa ce, benaye suka ƙare, aka shiga daular kwantenoni da manyan motoci.

Sai da aka karɓi fasfo ɗinmu a ƙofa aka ba mu kati muka rataya. Cikin siton sanyi kamar firij. Tsohon yana can ƙurya a bakin dogon tebur mai shimfiɗar koren ƙyalle, da farar safar hannu, da gilashin ƙara girma rataye a wuya. Ya gaishe mu da Larabci, Baba ya amsa da na makarantar allo, daga nan aka koma Turanci, na zama tafinta.

Na ji kunyar takardar simintin nan, ban ɓoye muku ba. Amma tsohon ya karɓe ta da hannu biyu, ya baje, ya danne gefunan da ƙananan ƙarafa. Ya daɗe yana dubawa. Ya tambaya wa ya yi wannan gugar, na nuna Baba. Ya ce ta fi hotunan wayata amfani sau goma. Na ce na gode.

Ya ce takobin irin wanda Turawa suke kira rafiya ne. Ba na sara ba ne, na suka ne, manyan mutane ke ratayawa a cikin gari, shi ya sa yake siriri. Dabbar da ke jiki kuma ba kare ba ce, kyarkeci ne, tambarin maƙeran wasu garuruwan Jamus, Passau da Solingen. Sai dai ya ce kada mu yi saurin murna, tambarin ya yi suna har wasu ma suka riƙa bugawa a nasu ƙarfen, kamar yadda su ma Jamusawan suke buga sunan Toledo ta ƙasar Sifen don kaya su shiga. Na ce ashe abin ba a kan atamfa aka fara ba. Da na fassara wa Baba cewa tsinken tsirensa takobin manya ne, sai ya gyara zama.

Sannan tsohon ya ce tambari shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da mariƙi, don mariƙin ne ke nuna zamanin da aka yi amfani da takobi da kuma ƙasar da aka rataya shi. Ya buɗe wata doguwar durowa ya fito da guda uku. Na farko sandunan ƙarfe ne sirara suka nannaɗe hannu kamar yaɗon kabewa, ya ce wannan ya fi tsufa. Na biyu faranti biyu ne masu ƙananan huji kamar rariya, ya ce na wajen Jamus da Holan ne. Na ukun kuwa kwano ne sosai, mai zanen furanni da aka huda, ruwan takobin ya ratsa ta tsakiyarsa, da doguwar sanda a gicciye a bayansa. Ya ce wannan na Sifen ne da kudancin Italiya, ya zo daga baya. Ya koma kan hoton wayata, ya nuna mariƙin namu mai fata da ɗan gicciyen ƙarfe, ya ce wannan aikin ƙasarku ne, ba da shi aka ƙera takobin ba. Ina na asalin?

Ya ba Baba safar hannu, amma Baba ya roƙi a bar shi ya taɓa da fatar hannunsa, don yanzu da ita yake gani. Tsohon ya ce bismillah. Baba ya shafa na farko, ya shafa na biyu. Da yatsunsa suka sauka a kan kwanon nan sai suka tsaya cak. Ya zagaya bakinsa sau ɗaya. Ya ce da ni, "Gaya masa irin wannan ne. Gaya masa ni na cire."

Jama'a, ban taɓa yin aiki mai nauyin tafintan da na yi ranar ba. Baba yana faɗa da Hausa, ni ina juyawa da Turanci, kuma a lokacin nake jin labarin karo na farko a rayuwata. Ya ce yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ango ne, wata biyu da kawo Inna. Abokansa suna yi masa dariya, wai takobin gidansu da kwanon sha a jiki. Tsohonsa ya tafi cin kasuwar ƙauye na mako guda. Shi kuma yana ji da ƙuruciya da gwaninta, ya kwance mariƙin, ya ƙera sabo irin namu, ya kai wa baduku ya naɗe da fata. Sandunan ya sa a wuta ya yi wani aikin da su. Kwanon ya wurga cikin tarkacen da ake sayar wa masu awon ƙarfe. Da tsohonsa ya dawo, ya miƙa masa yana jiran yabo. Tsohon ya juya takobin, ya sake juyawa, ya ce, "To." Ya rataye shi a bango, bai ƙara taɓa shi ba har ya rasu bayan shekara uku.

"Washegari na je na tona tarkacen, babu," in ji Baba. "Kunya ta hana ni tambaya. Kunya ta hana ni ba shi haƙuri. Shekara hamsin ke nan."

Da ƙyar na ƙarasa fassarar. Mutumin Jos ya juya baya yana duba wata na'urar da ba abin da ya same ta. Tsohon Balaraben ya cire safar hannunsa ya kama hannun Baba, ya ce mariƙin da ya gani a hoto aikin mai hankali ne, ko shi ba zai cire shi ba. Amma gaskiya ba tare da kwanon ba, iyakar abin da zai iya cewa shi ne wataƙila ƙarfen na Jamus ne. Baba ya ninke takardarsa ya ce ya gode. A mota ba wanda ya yi hirar dankali.

Da yamma Baba ya kwanta a falo, ni kuma na bi ƙanwata kicin na kwashe labarin na gaya mata. Tana juya miya tana ji. Da na zo kan kwano mai huji, sai ludayin ya tsaya.

"Yaya, kwano ka ce? Kwanonsa?"

Na ce e. Ta kashe wuta. Ta jingina da bango, ta ce ana saura kwana kaɗan Inna ta rasu ta kira ta, ta ba ta kaskon turare da murfinsa. Inna ta ce mata kaskon nata ne, amma murfin ajiya ce. Kakanmu ne ya kawo mata shi tana amarya, a ɓoye cikin riga, ya ce, "Ajiye wa mijinki. Ranar da ya tambayi kwanonsa ki ba shi. In bai tambaya ba, kada ki ce komai." Inna ta ce ta jira har ta gaji, bai taɓa tambaya ba. Ta ce wa ƙanwata kada ta bayar, kada ta wanke, ta ci gaba da jira. Ita kuwa ƙanwata ba ta san kwanon mene ne ba, don ba wanda ya taɓa gaya mana takobin yana da kwano.

Muka leƙa baranda tare. Yana nan a kife a kan kasko, baƙi ƙirin, hayaƙi yana fita ta hujin. Na duba da kyau, a ƙarƙashin dattin hayaƙin furanni ne. A tsakiya kuma, inda hayaƙi ya fi fita, ga doguwar tsaga. Inna lillahi! Abin da na taso ina gani kullum. Kuma kowace magariba ta Allah Inna takan kai kaskon nan ɗakin Baba ta ajiye masa a bakin ƙofa. Ban sani ba ko sai da ya yi baƙi ta fara kaiwa, ko tun farko take kaiwa tana fatan ya duba. Mu maza dai kun san mu, kayan turaren mata ba abin da muke ɗaga ido mu kalla ba ne.

Na yunƙura zan ɗauko, ƙanwata ta riƙe mini riga. Ta ce, "A'a Yaya, sai ya tambaya." Ta je ta durƙusa a gaban Baba.

"Baba, Inna ta bar mini ajiyarka. Kaka ne ya ba ta tana amarya. Amma sun ce ba za a ba ka ba sai ka tambaya."

Baba ya tashi zaune a hankali. Ya juyo da idon dama wajenta. Na ga ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Wallahi na ɗauka ba zai iya ba. Can da ƙyar, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san shi da ita ba, ya ce, "Uwata, ina kwanon takobin tsohona?"

Ta ɗauko shi da gefen mayafinta don da sauran zafi, ta ɗora masa a tafin hannu. Ya zagaya bakinsa da yatsa, ya sa babban yatsa a tsagar. Sai ya kai shi hanci. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko ranar da aka binne Inna. Ranar na gani. Yana ta cewa, "Ashe ya tsince shi. Ashe bai yi fushin da na zata ba. Ita kuma baiwar Allah, kullum tana kawo mini." Muka zauna a ƙasa mu uku, miya ta huce a kicin.

Da safe na so in yi abin kunya. Na ce ba za a kai wa masani abu baƙi haka ba, na nemo soson ƙarfe da lemon tsami zan dirje shi ya yi ƙyalli. Ƙanwata ta fizge tana cewa, "Kai Yaya, an ce kada a wanke!" Allah Ya taimake ni. Da muka koma Jebel Ali na ba tsohon labari, sai ya dafe kai. Ya ce da na goge, da na kankare rabin abin da yake son gani, kuma danƙon turaren nan ne ya hana tsatsa cin ƙarfen duk shekarun nan.

Ya share wuri ɗaya kawai, kamar faɗin farce, da auduga da wani mai. Ya duba yadda aka huda furannin, da yadda aka lanƙwasa leɓen kwanon waje don ya tare tsinin takobin abokin faɗa, da ƙananan huji biyu na ƙusoshin da suke riƙe shi. Ya ce salon Sifen ne ko kudancin Italiya, ya haura shekara ɗari uku. Ya ɗauko zaren Baba, ya gwada ƙullin faɗin gindin takobin a kan tsagar, suka yi daidai. Ya ce ƙarfen Jamus a mariƙin Sifen abu ne da aka saba gani, don haka labarin ya tsaya da ƙafarsa. Amma ba zai rantse ba, tunda bai ga takobin ba. "Hannunka ne zai gaya maka," ya ce wa Baba. Ya ƙi karɓar ko sisi, sai dai ya roƙi a bar masa takardar simintin. Yanzu haka tana can manne a bangon sito a Jebel Ali.

Sauran kwanakin mun ɗan zaga. Mun ga dogon benen nan da kowa ke hoto a gindinsa, Baba ya ce shi iyakar hawa na biyar yake gani, sauran ya yarda da maganarmu. Na sayo wa iyali dabino da abaya. Ƙanwata ta naɗe kwanon cikin wani ɗankwalin Inna ta sa a akwatin Baba, ta ce ita za ta nemi murfin kasuwa. A filin jirgi na'ura ta nuna shi, ma'aikacin ya buɗe ya tambaya mene ne. Na ce murfin kaskon turare ne. Ya shinshina ya ce yalla, wato mu wuce. Ban yi ƙarya ba.

Mun iso Kano da la'asar. Baba bai ko cire takalmi ba ya ce in buɗe masa maƙera, wadda rabon da ya shiga tun da idon ya fara. Ya sauko da takobin. Ya miƙo mini awartaki ya ce, "Riƙe nan." Ni da ba a bari in taɓa masaba! Na riƙe da hannu biyu. Ya goge kan ƙusar mariƙin da magagari, da lalube, ya zare mariƙin da ya ƙera yana ango. Ya zura kwanon ta gindi. Ya tafi sumul, ya zauna a kafaɗar ƙarfen da wata 'yar ƙara, ƙas, ko motsi ba ya yi. Kyarkecin nan ya shige cikin kwanon, inda aka ƙera shi ya zauna. Sannan ya mayar da nasa mariƙin a baya, ya daddoke ƙusar. Na ce ko a ɗan goge baƙin da tsumma. Ya ce, "Bar shi. Wannan aikin uwarku ne."

Na ga benaye, na ga jirgin da ba direba, na kuma koyi bambanta yaɗon kabewa da rariya da kwano, in an kawo tsohon takobin Turawa yanzu sai in ɗan yi baki. Amma abin da na dawo da shi ba wannan ba ne. Mutum uku masu ƙaunar juna sun zauna gida ɗaya, kowa yana jin nauyin kowa, har biyu suka tafi ba a yi tambaya guda ɗaya ba. Ni ma ɗan gidan ne, haka na taso, akwai abubuwa da yawa da ban taɓa tambayar Baba ba don kunya. Yanzu kullum bayan magariba ni nake ɗiga masa magani, in zauna a ƙarƙashin takobin nan da ɗakin duk ya ɗauki ƙamshinsa, in yi ta tambaya. Jiya na tambaye shi yadda ya fara ganin Inna. Ya ce ba ni da kunya. Sannan ya gyara filo ya fara ba ni labari.